Zangon 'Yan Sha'awar Rediyo Ba Kayan Gwanjo Ba Ne

A watan Afrilun 2023 wasu kamfanoni suka haɗa kai suka shigar da takarda gaban FCC, hukumar da ke kula da sadarwa a Amurka. Cikinsu babu gidan rediyo ko ɗaya, babu kuma kamfanin waya. 'Yan kasuwar hannun jari ne, irin waɗanda kwamfuta ke saya musu ta sayar sau dubbai kafin mutum ya gama ɗaga kofin shayi: DRW, IMC, Virtu, Optiver, Tower Research da abokan tafiyarsu. Suka raɗa wa haɗakar suna mai daɗin ji, wai ƙawancen zamanantar da gajeren zango. Buƙatarsu ita ce a ba su izini na dindindin su riƙa harba saƙonni a wurare da dama tsakanin megahaz 2 da 25, da ƙarfin da ya kai wat 20,000.

Dole mutum ya yi mamaki. Gajeren zango dai da muka sani, wanda dattawa ke lalubowa da asuba a kan mita 41 ko mita 19, wanda manyan tashoshin duniya ke ta janye jiki daga gare shi saboda FM da intanet, me attajiran Shikago za su yi da shi? Sirrin yana cikin gudun saƙo. Wanda ya bi wayar faiba da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku yana cin kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, domin gilashin da ke cikin wayar yana rage wa haske gudu, ga shi kuma wayar ba miƙe take sak ba. Igiyar rediyo kuwa a sarari take tafiya, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa. Tana tashi daga eriya ta doki wani rufin iska da ke can sama, wanda hasken rana ke cajawa, ta dawo ƙasa a wata nahiya. Tsakanin Shikago da Landan, tazarar da ake samu ba ta wuce kimanin kashi 10 cikin 1,000 na daƙiƙa ba, abin da ƙiftawar ido ta ninka sau goma. Amma wanda ya riga kowa sanin cewa farashi ya motsa a Shikago da wannan ɗan taƙin, kwamfutarsa za ta riga ta kowa saye a Landan, kuma a wannan sana'a wanda ya zo na biyu ba ya tashi da komai.

Sun daɗe suna wannan tsere. A 2010 wani kamfani mai suna Spread Networks ya kashe kusan dala miliyan 300 wajen binne wayar faiba daga Shikago zuwa New Jersey, ana fasa duwatsu don kada layin ya karkace, duk don a rage kusan kashi 3 cikin 1,000 na daƙiƙa. Ba a jima ba wasu suka jera hasumiyoyi masu miƙa wa juna saƙo ta iska, suka bar wayar a baya. Sai dai ba a kafa hasumiya a tsakiyar tekun Atlantika, shi ya sa ido ya koma kan gajeren zango. A 2018 wani injiniya da ke yawo a kan keke a yammacin Shikago ya ci karo da manyan eriyoyi a wani fili, ba su da nisa da garin Aurora inda kwamfutocin babbar kasuwar CME suke. Da ya bi diddigin takardu, sai ga shi 'yan kasuwar ne ke aiki da lasisin gwaji. Takardar 2023 yunƙuri ce ta mayar da gwajin ya zama zaman dirshan.

Waɗanda suka fi ɗaga murya a kan wannan buƙata su ne 'yan sha'awar rediyo, kuma ina tare da su. Amma kafin in faɗi dalili, ya kamata a san su wane ne, domin a wajenmu idan aka ce mai sha'awar rediyo, hankali kan tafi ga mai sauraro da ke aika gaisuwa a zaɓi-sonka. Waɗannan su da kansu suke watsawa. Mutum ne zai zauna jarrabawa a kan lantarki da dokokin sadarwa, ya ci, hukumar ƙasarsa ta ba shi lasisi da lambar kira wadda babu mai irinta a duniya. Haruffan farko na lambar suna nuna ƙasa: 5N ta Najeriya ce, 5U ta Nijar, 9G ta Gana, TJ ta Kamaru. Tashar tasa ba ta wuce na'ura mai wat 100 a kan tebur ba, da batirin mota a ƙasa, da wayar tagulla mai tsawon mita 20 ɗaure tsakanin bishiyoyi biyu a tsakar gida. Da magariba ya murɗa zuwa megahaz 7, ya saurara ko akwai mai magana a wurin, sannan ya danna makirfo ya yi kira, ya faɗi lambarsa harafi-harafi, ya saki. Sai shuuu. Ya sake. Can cikin shuuu ɗin wata murya ta ɓullo tana hawa tana sauka, daga Italiya ko Barazil, ta maimaita lambarsa. Su gaya wa juna yadda kowa ke jin ɗan'uwansa, da irin eriyar da ya ɗaura, da yanayin garinsu. Ya rubuta lokaci da lamba a littafinsa. Babu kati da ya saka, babu kamfanin da saƙon ya ratsa ta hannunsa.

Dokokin Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, sun fayyace aikin nan da cewa na koyar da kai ne, da tuntuɓar juna, da binciken fasaha, kuma sharaɗinsa shi ne babu neman kuɗi a ciki. A Amurka, inda masu lasisin suka haura 700,000, doka ta hana ɗan sha'awa tallata haja, ta hana shi sa kiɗa, ta hana shi ɓoye ma'anar saƙonsa, ta kuma wajabta masa faɗin lambarsa duk bayan minti 10. Iyakar ƙarfin da aka yarje masa wat 1,500 ne, galibinsu ma ba sa zuwa ko kusa.

To, a yi wa kamfanonin adalci: ba su ce a kwashe zangon 'yan sha'awa a ba su ba. Gefensa suka nema. Matsalar ita ce na'urar watsa saƙo ba ta tsayawa cif a inda aka ajiye ta, kullum akwai ɗan abin da ke malala hagu da dama, kuma doka ce ke ƙayyade yawan malalar da za a lamunta. Ƙungiyar 'yan sha'awa ta Amurka, ARRL, ta nuna wa FCC cewa tsohuwar doka ta tsayar da ƙarfi a wat 1,000, ta kuma ce abin da zai tsallaka iyaka kada ya wuce kashi 1 cikin miliyan 20. Sabuwar buƙata tana son a ninka ƙarfin sau 20, a kuma sassauta malalar zuwa kashi 1 cikin 100,000. Duk mai alƙalami zai iya lissafin: abin da za a halatta ya zubo wa maƙwabci ya ninka na da kusan sau 4,000, ya kai kashi 1 cikin 5 na wat guda. Wani zai ce ai wannan ba komai ba ne, ko ƙwan fitila ba zai kunna ba. Sai dai da daidai wannan ƙarfin 'yan sha'awa ke tura saƙo ya tsallake teku, ta wata dabara mai suna WSPR da Joe Taylor ya fitar a 2008. Mutumin da ya kasa kunne yana farautar saƙo mai rauni haka daga wata nahiya, idan aka dasa masa wannan malala a 'yan kilomitoci daga gidansa, an rufe masa kunne ke nan. Kuma kwamfutar ɗan kasuwa ba ta gajiya, ba ta cewa bari in saurara ko akwai mai magana.

Wanda ya taɓa ganin yadda burtali ke ɓacewa ya san wannan salo. Ba a zuwa rana ɗaya a ce an saye shi. Mai gonar gabas ya ƙara kunya biyu bana, na yamma ya ƙara uku baɗi. A takardar hukuma burtali na nan da faɗinsa, amma saniya ba ta da wurin sa ƙafa.

Abin da ya fi ci mini rai a lamarin shi ne tarihin gajeren zangon kansa. Bayan nutsewar jirgin ruwan Titanic, Amurka ta yi dokar rediyo ta 1912. A lokacin masana sun yi imani cewa dogon zango ne kawai ke cin nisa, don haka aka keɓe shi ga sojan ruwa da kamfanoni, aka kora 'yan sha'awa zuwa mita 200 da abin da ya yi ƙasa, wurin da ake ganin ba ya kai saƙo ko'ina. Korar wulakanci ce, ba kyauta ba. Su kuwa suka duƙufa a ɗakunansu da wayoyi da fitilun gilashi na na'urorin zamanin. A watan Nuwamban 1923 Léon Deloy da ke birnin Nice a Faransa ya yi musayar saƙo kai tsaye da Fred Schnell da John Reinartz a Amurka, a kan kimanin mita 100, da ƙarfin da bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da na manyan tashoshin kamfanoni. A 1924 wani matashi a Landan, Cecil Goyder, ya yi magana da Frank Bell a New Zealand, ƙarshen duniya ke nan. Daga nan kowa ya farka. Kamfanoni da gwamnatoci suka yi rububin shigowa wurin da suka raina, BBC ta buɗe sashenta na watsa shiri zuwa ƙasashen waje a 1932, kuma ta wannan hanya ce Sashen Hausa ya fara isowa gidajenmu a 1957. Duk Bahaushen da ya tashi da jin labaran asuba a gajeren zango, ya ci albarkacin waɗancan mutane da ba wanda ya biya su.

Ladan da suka samu shi ne 'yan yankuna da taron Washinton na 1927 ya tabbatar musu, ciki har da kilohaz 7,000 zuwa 7,300. Ba a bar su sun more ba. A taron Alƙahira na 1938, lokacin da ƙasashen Turai ke yaƙin farfaganda, aka shigo da tashoshin watsa labarai saman wannan yanki, aka ci gaba da matsowa har 'yan sha'awa na Afirka da Turai suka koma da kilohaz 100 kacal. A nan mu masu sauraro muna da hannu a cikin akushin, domin mita 41 da muke kamawa, inda Muryar Najeriya ta daɗe a kan kilohaz 7,255, a kan tsohon filinsu take zaune. Sai a taron 2003 aka amince a mayar musu da 7,100 zuwa 7,200, aka kuma ba tashoshi wa'adin tashi zuwa 29 ga Maris 2009. Rabin abin da aka karɓe ke nan, bayan jira na kusan rabin ƙarni, kuma ana lissafa shi cikin manyan nasarorinsu. Ko bayan wa'adin ma, an ci gaba da jin wasu tashoshin yankin ƙahon Afirka a ciki shekara da shekaru.

Labarin da ya kamata duk mai riƙe da hukumar sadarwa ya haddace shi ne na megahaz 220 zuwa 222. A 1988 FCC ta yanke shawarar karɓe wannan yanki daga 'yan sha'awa ta ba harkokin kasuwanci, kuma babban mai matsa lamba shi ne UPS, kamfanin kai saƙonni, wanda ya ce yana buƙatarsa don haɗa motocinsa a faɗin ƙasar. 'Yan sha'awa suka yi ƙorafi, suka je kotu, ba su yi nasara ba. A 1991 suka kwashe na'urorinsu. Kafin a gama shari'a da rabon lasisi, UPS ya riga ya koma amfani da layukan salula. Yankin ya yi shekaru ba a cin moriyarsa yadda aka yi alkawari, sai daga baya kamfanonin jirgin ƙasa suka saye wani ɓangare don na'urorin hana haɗari. Wanda ya nema bai zauna ba, wanda aka kora kuma bai dawo ba. Buƙatar kamfani ta shekara biyar ce ko goma, fasaha na juyawa ya canza sheƙa. Rabon zango kuwa, idan an yi shi, jikoki ne ke tarar da shi.

Yunƙurin bai tsaya ba. A 2019 Faransa ta gabatar wa ƙasashen Turai shawarar a duba yiwuwar shigar da sadarwar jiragen sama cikin megahaz 144 zuwa 146, yankin da sabon shiga ke fara koyon magana a cikinsa a duk duniya, sai da ƙungiyoyi suka tashi tsaye aka cire shi a taron Ankara cikin watan Agusta. A 2024 kamfanin NextNav ya nemi a sake fasalin megahaz 902 zuwa 928 a Amurka. A 2025 kuma rigimar ta koma kan kamfanin AST SpaceMobile da ke son amfani da megahaz 430 zuwa 440 wajen sarrafa taurarin ɗan'adam nasa.

Ba kowace asara ce zan yi wa kuka ba. A 2020 FCC ta yanke cewa 'yan sha'awa za su bar yankin gigahaz 3.3 zuwa 3.5, kuma gwanjon gigahaz 3.45 zuwa 3.55 da aka kammala a farkon 2022 ya tara sama da dala biliyan 22. A can dama 'yan sha'awa 'yan rakiya ne, na'urorin hangen soja ne masu wurin, masu amfani da shi ba su da yawa, kuma layin 5G da aka kafa zai yi wa miliyoyin mutane aiki, har da su 'yan sha'awar. Wannan ciniki ne da za a iya karewa a gaban jama'a. Amma a gaya mini, wace moriya talakan Amurka, balle na wata ƙasa, zai ci idan kwamfutar wani kamfani ta riga ta wani kamfani da kashi 10 cikin 1,000 na daƙiƙa? Farashin masara ba zai sauka ba. Kuɗin da ɗaya ya ci, daga aljihun ɗayan ya fito. Gajeren zango kuma ba ya sanin iyakar ƙasa: abin da aka harba daga Shikago da wat 20,000 zai sauka a Turai, wani lokaci ya sauka inda ba a nufa ba. Duka-duka faɗinsa daga kusan megahaz 2 zuwa 30 ne, ba a ƙera wani, kuma shi ne babban yankin da mutum zai yi magana da wata nahiya ba tare da tauraro ko waya ko hasumiyar wani ba.

Masu son a sayar suna da hujjar da suke ji da ita: a bar kasuwa ta yi alƙalanci, wanda ya fi biya shi ya fi buƙata. Gwanjo kuwa aljihu yake aunawa. Idan da shi aka yi hukunci a 1923, da Deloy bai samu wurin gwaji ba, domin ba shi da abin da zai nuna wa banki. Grote Reber ɗan sha'awa ne, kuma a bayan gidansu a garin Wheaton ya ƙera faifan sauraron sararin samaniya a 1937, ya yi shekaru kusan shi kaɗai ne a duniya ke zana taswirar sama da igiyar rediyo. A Disamban 1961, shekara huɗu kacal bayan Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko a duniya, 'yan sha'awa suka ga tauraronsu na farko, OSCAR 1, ya hau sama, wanda suka haɗa da hannunsu. Joe Taylor da na ambata ya fara ne yana yaro da eriya a kan rufin gida, ya ƙare da kyautar Nobel a kimiyyar fiziks a 1993, ya kuma dawo ya haɗu da Steve Franke suka fitar da FT8 a 2017, dabarar da ke zaƙulo saƙo daga ƙarƙashin shuuu inda kunne ba ya jin komai, suka raba manhajar kyauta. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da aka san zai zo kafin ya zo. Yaron da aka bari ya naɗa waya, ya ƙona turansista, ya gane dalilin da ya sa eriyarsa ta ƙi aiki, shi ne injiniyan da kamfanonin nan za su yi rububin ɗauka nan gaba. Wayar salula ba ta koyar da wannan, a rufe take ruf, kai dai ka latsa ka biya.

Hujjar da 'yan sha'awa suka fi yawan jawowa ita ce ta agajin gaggawa, kuma gaskiya ce. Ranar 26 ga Disamban 2004, lokacin da igiyar tsunami ta afka wa tsibiran Andaman na Indiya, akwai wata tawaga ƙarƙashin Bharathi Prasad da ta je can da izini na musamman don kawai ta yi hulɗa da 'yan'uwanta na duniya. Layukan waya suka mutu, tawagar ta juya na'urorinta ga isar da saƙonnin jami'ai da na iyalan da ke neman 'yan'uwansu. An ga irin haka a girgizar ƙasar Nepal ta 2015, da guguwar Maria a Puerto Rico a 2017, da guguwar Helene a tsaunukan North Carolina a 2024. Duk da haka ina ganin kuskure ne su jingina dukkan kariyarsu a kan wannan. Wayar tauraro da intanet ta tauraro suna ƙara araha, kuma ranar da wani jami'i zai ce mun samu abin da ya fi ku, hujjar ta raunana. Gara a tsaya a kan abin da ba ya tsufa: sararin nan na kowa ne, gwamnati amana aka ba ta, kuma ɗan ƙasa na da haƙƙin a bar masa ɗan yanki da zai taɓa da hannunsa ba sai ya zama kwastoman wani ba. Agajin gaggawa riba ce da ke biyo baya, domin mutumin da ya saba ɗaura eriya don nishaɗi shi zai iya ɗaura ta cikin duhu da ruwan sama.

Su ma 'yan sha'awar akwai gyara a wajensu. A ƙasashe da yawa furfura ta yi yawa a tarukansu, wasunsu kuma sun fi gwanancewa wajen gyara wa sabon shiga kuskure fiye da jawo shi jiki. Akwai yankunan sama, na gigahaz, da za ka saurara yini guda ba ka ji motsin kowa ba. Lauyan kamfani ba ya buƙatar fiye da haka, zai kawo na'urar awo ya nuna wa hukuma shiru. Ga kuma ɓarna ta ƙasa-ƙasa da ba ta bi ta kowace hukuma: oba-oba masu arha irin su Baofeng da kowa ke saye a kasuwa, masu gadi da direbobi da 'yan kwangila su kunna a duk inda suka ga dama, sau da yawa cikin zangon 'yan sha'awa, ba tare da sun ma san akwai mai wurin ba. Wannan ma amfani ne na kasuwanci, sai dai ba ya sa kwat.

Ina ruwanmu da rigimar Amurkawa? Ruwanmu na farko shi ne kuɗin da gwamnatocinmu suka ɗanɗana. A Disamban 2021 NCC, hukumar sadarwa ta Najeriya, ta yi gwanjon yankin gigahaz 3.5, MTN da Mafab kowanne ya biya dala miliyan 273.6. Baitulmalin da ya ga irin wannan kuɗi daga iska ba zai sake kallon wani yanki da idon tausayi ba, balle yankin da masu shi ba su cika ɗaki guda ba. Na biyu, ba a Washinton kaɗai ake rabon ba. Babban taron rediyo na ITU, wanda ake yi duk bayan shekara uku zuwa huɗu, shi ke zana taswirar duniya: an yi a Sharm el-Sheikh a 2019, an yi a Dubai a 2023, na gaba a 2027. Kowace ƙasa ƙuri'a ɗaya gare ta, ta Nijar daidai take da ta Amurka, kuma ƙasashen Afirka kan je da matsaya guda da suke tsarawa a ƙarƙashin Ƙungiyar Sadarwa ta Afirka. Ƙuri'u sama da 50 ba abin wasa ba ne. Kamfanoni sun san haka, shi ya sa ba sa fashin tarukan share fage. Ƙungiyar 'yan sha'awa ta duniya, IARU, wadda aka kafa a birnin Paris a 1925, tana zuwa ita ma, amma ba ta da ƙuri'a, sai dai ta roƙi wakilan ƙasashe. Wakilin da bai taɓa ganin ɗan sha'awa ko ɗaya a ƙasarsa ba, da wane dalili zai ɗaga hannu dominsu?

Na san abin da jami'in tsaro zai ce, a yankin da 'yan bindiga ke yawo da oba-oba a daji. Tsoron yana da tushe, amma an ɗora shi a kan wanda bai dace ba. Ɗan bindiga ba ya zama jarrabawa, ba ya kai hotonsa da adireshinsa ofis, ba ya faɗin lambarsa a iska. Mai lasisi kuwa duk maganarsa a buɗe take, kowa na iya saurara, kuma a ƙasashen da suke da yawa su ne kan fara jin baƙuwar murya a zango su gano inda take fitowa su kai rahoto. Tsananta wa mai bin doka ba ya rage oba-oba ko ɗaya a daji. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta tsinke ko ta yi rauni daga Kwaddibuwa zuwa Gana da Najeriya, bankuna suka rikice, mun ga yadda dukkan maganarmu da duniya ta rataya a kan 'yan igiyoyi ƙalilan da ba mu da iko da su.

Abin da nake so daga hukumominmu ba ya cin kuɗi. Su shiga taron 2027 da matsayar cewa yankunan 'yan sha'awa na gajeren zango, da megahaz 144 da 430, ba a taɓa su, kuma duk mai son zama a gefensu shi ne zai kawo shaidar awo cewa ba zai malalo ba, kafin a ba shi lasisi, ba bayan an ba shi ba. A gida kuma a sa ranar jarrabawa a san ta, a sa kuɗin lasisi daidai aljihun ɗalibi, a faɗa wa jami'an kwastan cewa na'urar mai lasisi ba kayan laifi ba ce. Sassan koyar da injiniyan lantarki a Zariya da Kano da Yamai su buɗe kulob da tasha, ko da na'ura ɗaya ce. Kayan aikin ma wani ya riga ya rataya mana a sama: tun Nuwamban 2018 tauraron Es'hail-2 na ƙasar Katar ke ɗauke da na'urar 'yan sha'awa da ake kira QO-100, yana tsaye wuri guda a saman Afirka, yana haɗa masu magana daga gabashin Barazil har Tailan, dare da rana, kyauta. Ana kama shi da faifan dish irin na talabijin da ke kan rufin gidajenmu, ana kuma isa gare shi da wat kaɗan. Ɗalibin da ke Sakkwato ko Maraɗi na iya haɗa tashar a ɗakin gwaji cikin zangon karatu ɗaya, in dai akwai ofishin da zai je ya zauna jarrabawa ya karɓo lambar kiransa.